Kubar Da Dogo Ya Saka

Auta ba ta rufe ƙofa, kowa a gidansu ya san da wannan. Labule ne kawai a ɗakinta, ƙyauren kuwa tun ranar da ta dawo gida aka tokare shi da wani mataccen dutsen guga, yau shekara biyu ke nan. Ko wanka za ta shiga, zane take ratayawa ta bar ƙofar a sake. Inna ta yi faɗa, ta yi faɗa, har ta gaji ta zuba mata ido.

Hatta aikin da take yi, don ƙofa ta zaɓe shi. Shagon kwafin takardu ne a bakin titi, gabansa a wangale tun safe har yamma. Tana tsaye gaban inji tana kwafi, tana sa wa katunan mutane leda, idonta na kan hanya.

To ku ji ikon Allah. Duk mazan da ke gari, wai zuciyar Auta ba ta tashi faɗawa kan kowa ba sai mai yankan makulli.

Dogo ake ce masa, teburinsa na tsallaken titi daidai saitin shagonsu. Shi ya fara lura cewa duk sanda ya shigo da tarin makullai suna kaɗawa a ƙugunsa, sai takarda ta suɓuce mata, leɓenta ya bushe. Bai tambaye ta komai ba. Washegari dai sai ga shi ya shigo shiru kamar mage, ya ɗaure makullan tamau da roba.

"Hajiyar kwafi," ya ce, "yau na zo babu kiɗa."

Ai daga nan aka gama da ita. Kafin shekara magana ta kai gaban manya.

Sai dai akwai ƙaya biyu a hanyar. Ta farko Umma, mahaifiyar Dogo, wadda ba ta so ɗanta ya fara da bazawara ba, da ƙyar da lallashi ta yarda za ta zo ta ga yarinyar da idonta. Ta biyu kuwa Manaja, tsohon mijin Auta, wanda ita ko laƙabinsa ba ta kamawa, "wancan" kawai take cewa. Yana jin labarin Dogo ya fara aike wajen Kawunta wai yana so ta koma ɗakinta. Motarsa kuma ta fara giftawa ta layinsu a hankali, kamar mai neman gidan haya.

Abin da mutane suka sani, auren bai yi daɗi ba, shi ke nan. Ba su san cewa kullum ƙarfe bakwai na safe Manaja zai fita, ya ja ƙofa, ya murɗa makulli sau biyu ba. Ƙaras. Ƙaras. A bene na uku, tagogi duk da ƙarafa, wayarta a aljihunsa.

"Don ina son ki nake rufe ki," haka yake faɗa ta bayan ƙofar, da murya mai laushi kamar yana lallashin jariri.

Da yamma kuma, daga yadda makullan ke kaɗawa a matakala take gane ko yau ranar duka ce. Shekara uku da wata huɗu a haka. Har yau in bakwai ta yi, ko tana tsakiyar shan shayi, sai ta ji ƙarar nan a cikin kunnenta. Ta waiwaya, babu kowa sai labule yana motsi.

Ko Dogo ba ta taɓa gaya wa ba.

Ranar Asabar ɗin da Umma za ta zo, sau uku Dogo yana ganin motar Manaja. Hankalinsa ya tashi. Shi kuwa mutum in hankalinsa ya tashi, abin da hannunsa ya iya shi yake yi. Ya ɗauko wata kuba da ya daɗe yana ɓoyo, wadda yake cewa ko shi sai ya yi gumi kafin ya ɓalle ta, ya ɗauki akwatin aikinsa ya nufi gidan su Auta, ita tana can shago ba ta san wainar da ake toyawa ba.

"Inna, ɗakin nan ko sakata babu," ya ce bayan ya gaishe ta, "mutumin nan kuma sai shawagi yake."

"Sa mata, ɗana, Allah ya yi maka albarka," in ji Inna. "Ko ta fara zama kamar mutane kafin mahaifiyarka ta ga ɗakin. Yarinya sai ka ce mai gadin kasuwa."

Ya ɗauke dutsen gugar, ya fafe ƙyaure, ya sa kuba, ya ɗiga mata mai, har ya share garin katakon da tsintsiya.

Bayan la'asar Umma ta iso, aka shimfiɗa mata darduma a falo, aka kawo shayi. Auta ta dawo daga aiki ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Wallahi abin ya fara kyau. Umma ta dube ta sama da ƙasa, ta tambaye ta aiki, har ta ɗan murmusa ta ce, "Ashe ma kina da kunya."

Daɗi ya kashe Dogo. Daga bakin falo ya yafito ta.

"Zo ki ga wani abu."

Tana zuwa ta ga babu dutsen guga, ta ga ƙarfe yana sheƙi a jikin ƙyaure. Ta ja da baya taku ɗaya.

"Shiga ki gani," ya ce yana ta fara'a. "Shiga ki tura da ƙarfinki, in ta motsa ki canza min suna."

Ƙafarta ce ta shiga, ba ita ba. Ƙafar da ta saba in an ce shiga ta shiga. Ya ja ƙofar daga waje.

Ƙaras. Ƙaras.

"Don ina son ki na sa miki ita," ya ce ta bayan ƙofar, yana dariya.

Shi ke nan ɗakin ya tafi. Gadonta, kwandon kayanta, kalandar bango, duk suka ɓace. Farin bangon nan na bene na uku ya dawo, da warin turarensa, da inuwar ƙarafan taga a kan siminti.

Daga falo aka fara jin wata murya siririya, kamar ba tata ba.

"Ka yi haƙuri. Ba zan ƙara ba. Don Allah Manaja ka buɗe, jini nake gani. Ka buɗe, ba don ni ba."

Dariyar Dogo ta ɗauke. Makullin ya suɓuce ya faɗi. Mutumin da ke buɗe ƙofar mutane kafin a tafasa ruwa, yau ga shi da makulli a hannu ya kasa samun rami. Kafin ya buɗe, an ji tarwatsewar gilashin taga.

Suka same ta a takure a bayan gado, hannu yana ɗigar jini. Da Dogo ya matso sai ta naɗe jikinta, ta rufe cikinta da hannu biyu.

"Kada ka dake ni a ciki," ta ce a hankali.

Umma na tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta gyara mayafinta.

"Tun yaushe take wannan?"

"Zazzaɓi ne," in ji Inna. "In ya hau mata kai sai ta riƙa sambatu."

"Bakwai na haifa, baiwar Allah. Na san zazzaɓi." Ta juya wajen ɗanta. "Kai, ɗauki akwatinka mu tafi."

Washegari da hantsi Kawu ya iso, ko zama bai gama yi ba ya fara.

"To kin ga abin da nake faɗa. Wa zai ɗauke ki a haka? Shi wancan bawan Allah ya san ciwonki, ya ce ya ji ya gani, a haka yake son kayarsa. Mutum mai mutunci, kowa ya shaide shi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa."

Auta na zaune a ƙasa, hannu naɗe da bandeji.

"Kawu, shi ne ciwon."

"Ji min yarinya. Shi da ko gaisuwa bai taɓa wuce ni bai yi ba?"

Sai da ya tafi Auta ta jawo jakarta, ta zaro wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa. Wata bakwai da suka wuce wata ma'aikaciyar asibiti ta kawo sanarwa a yi mata kwafi ɗari, inji ya ɓata guda ɗaya, ita ce Auta ta ɓoye maimakon ta jefa a kwando. An rubuta cewa duk wadda aka cutar a gidan aure ko a wani wuri, tana fama da firgita, akwai likitar da ke sauraro duk ranar Laraba, a hawa na biyu.

Ta karanta wa Inna.

Inna ta dafe ƙirji. "Wajen likitan ƙwaƙwalwa? Auta, so kike ki kashe ni da raina? Wanda ya hau benen nan ai ya hau ke nan, ko ya sauko sunansa mahaukaci har jikokinsa."

"Magana kawai ake yi, Inna."

"Maganar me? In magana ce ga ni, ki yi da ni."

Auta ta ɗago ta dube ta. "To mu yi. Mu yi maganar ranar da aka kai ni asibiti a zanen gado."

Inna ta kau da kai. Ta tashi ta hau kwashe kofunan da babu abin da ya same su.

"Abin da ya wuce ya wuce. Ƙaddara ce. Ki yi ta addu'a."

"Ina yi, Inna. Shekara biyu ina yi. Ba na jin Allah zai yi fushi don na haɗa da likita."

Ranar Litinin Dogo bai buɗe teburinsa ba. Sai da rana ta take, mai shago ya fita cin abinci, sannan ya tsallako. Kwana biyu kawai amma ya faɗa, ido ya zurma. Ya tsaya daga bakin shago, ya kasa shigowa.

"Ki tsine min," ya ce. "Zai fi min sauƙi."

"Shigo, rana na dukanka."

Ya shigo ya zauna kan katan ɗin takardu. Ƙaton mutum, sai ga hawaye.

"Ni na zaci kare ki nake. Wallahi kubar nan ita ce mafi kyau da na taɓa riƙewa. Na je na cire ta jiya, na jefa ta a kwata." Ya share fuska da hannun riga. "Na yanke shawara. Zan bar sana'ar nan, in koma gyaran keke. Gidan da za mu zauna kuma duk zan ɓalle ƙofofin."

"Har ta bayi?"

"Har ta bayi."

"Baƙi kuma in sun zo fa? Su riƙa tari?"

Dariya ta kufce musu su biyun, irin wadda ke fitowa da majina. Sannan ta ɗauke.

"Me Umma ta ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Kwana na yi ina roƙonta. Na ce laifina ne, na firgita ki, kowa aka rufe ba shiri zai yi haka. Ta ce ta ji, za ta sa ido ta gani. Amma ta rantse in ta ji kin taɓa taka wajen likitan ƙwaƙwalwa, ko sau ɗaya, to magana ta mutu. Ta ce ba za ta haɗa jini da ciwon da ake gado ba."

Auta ta ɗauko takardar nan ta miƙa masa. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Da ya kai ƙarshe ya ɗago a tsorace.

"Auta, ki bari a ɗaura tukuna. Wata biyu ne. Bayan nan ni da kaina zan kai ki, in zauna a bakin ƙofa."

"In shiga gidanka da wancan a cikin kaina? Ranar nan fuskarka na kalla, Dogo, shi na gani. Kai da ko tsawa ba ka taɓa min ba. In an kai ni ɗakinka, ka shigo da yamma, in gudu bayan gado, kwana nawa za ka iya?"

"Zan iya."

"Ni ba zan iya kallonka kana iyawa ba."

Ya maida idonsa kan takardar. Injin kwafi na ta ɗan gurnaninsa.

"Kada ka zaci jarumta ce," ta ce, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. "Sau biyu ina zuwa. Na farko a bakin asibitin na juya. Na biyu na hau matakala har shida, sai na ji an rufe wata ƙofa a sama, ban san sanda na ga kaina a titi ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Tsoro nake su rufe ni su ce ba zan fita ba. Tsoro nake in buɗe baki ya ƙi rufuwa. Akwai abin da ban taɓa faɗa da bakina ba, gani nake ranar da na faɗa, ranar zai zama gaskiya."

"Ki faɗa min ni."

"Kai in na faɗa maka, sai ka ɗauki guduma ka tafi nemansa. In rasa ka ta can kuma."

Bai musa ba.

"To in raka ki."

"A'a. In ka raka ni, don kai na je. Kuma in Umma ta tambaye ka, ka samu bakin cewa ba ka gani ba."

Ya miƙe, ya ninke takardar yadda take, ya ajiye mata a kan inji.

"Ni dai ba na yi wa Umma ƙarya sau biyu," ya ce. "Ta farkon ma, da na ce mata firgita ce kawai, ba ta zauna min ba. Allah ya sa kada ta tambaya."

Ranar Laraba Auta ta ce wa Inna za ta je a duba mata hannu. Inna ta dube ta, ta dubi jakar, sannan ta bi ta da ido har ta sha kwana.

Asibitin cike yake da mutane, warin magani ko'ina. Matakalar hawa na biyu tana can ƙarshen baranda, kuma kafin ka kai gare ta sai ka ratsa ta gaban bencin masu awon hawan jini. Auta ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana sauri, kai a ƙasa.

"'Yar nan."

Ta tsaya cak. Ko ba ta waiwaya ba ta san muryar.

Umma ce zaune a bakin benci, katinta a hannu, ƙafa ɗaya a miƙe saboda ciwon gwiwa. Ta dubi Auta, ta dubi matakalar, ta dubi allon da aka kafa a jikin bangon da kibiya tana nuna sama. Umma ba ta yi boko ba, amma wannan allon kowa ya san shi.

Auta ta durƙusa ta gaishe ta.

"Lafiya lau," in ji Umma. Ta ja jakarta ta matsa gefe, ta buga benci da tafin hannu. "Hannun kika kawo a duba, ko? Ai masu wankin ciwo nan kusa suke. Zauna nan kusa da ni, in an gama da ni sai mu fita tare."

Duk wadda ta san manya ta san me wannan ke nufi. Hanya ce aka buɗe mata. Ki zauna, ni ban ga komai ba, ke ma ba ki yi komai ba, aure yana nan.

Auta ta zauna.

Ta zauna tana jin ɗumin kafaɗar Umma a jikin tata. Ta hango kanta a gidan Dogo, ta hango shi yana shigowa a kan yatsun ƙafa kamar ɓarawo a gidansa. A can cikin baranda wata nas ta wuce da tarin makullai a hannu, suna kaɗawa. Nan take hannunta ya kai kan cikinta da kansa.

Umma na kallon hannun.

Auta ta miƙe. Ta sake durƙusawa, wannan karon har gwiwa biyu a ƙasa, a gaban mutane.

"Umma, ki gafarce ni. Ba hannu na kawo ba. Sama zan hau."

"Kin san abin da na ce?"

"Ya faɗa min."

"Kuma za ki hau."

"Ina son ɗanki, Umma. Ban iya faɗa a gabanki ba, amma yau na faɗa. In na zauna a nan, ƙarya za ki kai masa gida."

Umma ta kau da kai, ta kafa wa bango ido.

"Ƙafarki ce," ta ce.

Matakala goma sha takwas ce, Auta ta san haka don kowacce sai da ta tsaya a kanta. A ta shida ƙafarta ta ƙi. Ta kama ƙarfen gefe da hannun mai bandeji, zafin ya ratsa ta har ƙeya, shi ya dawo da ita. Ba ta waiwaya ƙasa ba, don ta san in ta ga fuskar Umma za ta sauko.

A sama babu ihu, babu sarƙa, babu ƙattin da take zato. Baranda ce shiru, benci ɗaya babu kowa a kai, da wata tukunyar fure da ta kusa bushewa. Wata nas ta rubuta mata kati ta nuna mata ɗaki.

Likitar wata 'yar ƙaramar mata ce mai furfura, tabarau rataye a wuya da zare, ta cire takalmi ta tura ƙarƙashin tebur. Babu gado a ɗakin, babu allura. Kujeru biyu ne da gorar ruwa.

"Sannu da zuwa, ƙanwata. Wace kujera kike so?"

Auta ta zaɓi ta kusa da ƙofa. Da likitar ta kai hannu za ta tura ƙyauren, sai ta ga yadda yarinyar ta zabura. Ta janye hannunta.

"Mukan rufe ne don sirrinki," ta ce. "Amma awa ɗayan nan ɗakin naki ne. Sai dai ki sani, in a buɗe take, wanda ya zauna a bencin can zai iya jin mu."

Auta ta leƙa. Babu kowa.

"A bar ta."

Likitar ta jawo kwandon shara da ƙafa ta tokare ƙofar, ta koma ta zauna.

Shiru. Minti biyar, minti goma. Auta na ta murza bakin mayafi.

"Ba dole sai kin ce wani abu yau ba," in ji likitar. "Akwai wadda sati uku tana zuwa ta sha min ruwa ta tafi. Har na fara tunanin namu ya fi na gidansu sanyi."

Auta ta ɗan yi murmushi, sai kuma hawaye.

"Likita, mahaukaciya ce ni?"

"Me ya sa kika tambaya?"

"Ina jin ƙarar makulli inda babu makulli."

"An taɓa rufe ki?"

Ta gyaɗa kai.

"To ni ba hauka nake gani ba. Jikinki ne ya koyi tsoro don ya tsare ki, kuma har yau ba a kai masa labarin cewa an gama ba. Ana iya koya masa. Ba yau ba, ba gobe ba, amma ana iyawa."

Wannan "ana iyawa" ɗin ita ta ɓalle bakin. Ta fara daga ƙarfe bakwai. Ta faɗi tagogin, ta faɗi wayar, ta faɗi matakala da yamma. Muryarta na fita a daddatse, ta tsaya, ta sha ruwa, ta ci gaba. Sannan ta zo wurin da ba ta taɓa zuwa ba.

"Cikin wata biyar ne. Ya fara motsi, in na sha ruwan sanyi sai ya harba. Ranar da daddare ya dake ni, da safe ya rufe ya tafi. Ƙarfe tara ciwo ya fara. Na buga ƙofa da hannu, na buga da tukunya har ta lotse. Maƙwabta duk sun tafi aiki. Sai shida ya dawo." Ta ajiye gorar ruwan. "Namiji ne. Na gan shi. Har da 'yan yatsu. Na naɗe shi a ɗankwalina, na zauna da shi a bayan ƙofar ina ba shi haƙuri."

Duk wadda ta taɓa jin ɗa ya motsa a cikinta ta san ba a gama irin wannan maganar da ido a bushe. Likitar ba ta ce ƙaddara ce ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta bar ta ta yi kukanta har ya sauka da kansa.

"Shekara biyu ke kaɗai kike ɗauke da shi," ta ce daga baya. "Yau mun zama mu biyu."

Da awa ta cika, Auta ta miƙe jiki a mace, kamar wadda ta yi wankin gida guda. Amma rufin bai faɗo ba, kuma ba wanda ya tare ta. Ta karɓi katinta ta fito.

Umma na zaune a kan bencin.

Ta cire takalma, tana murza gwiwa da hannu ɗaya, numfashinta bai gama daidaita ba. Idonta jawur. Katin awon jininta na kan cinya, ba a rubuta komai a kai ba.

Likitar ta leƙo ta bayan Auta, fuskarta ta canza. "Ƙanwata, kin san ta? Ban ji hawowar kowa ba."

"Na san ta," in ji Auta.

"Na hawo ne in ga irin mahaukatan da ake tarawa a nan," Umma ta ce, ba ta kalli kowa ba. "In samu abin faɗa wa ɗana." Ta ja hanci da bakin mayafi. "Shekara uku?"

"Da wata huɗu."

"Uwarki ta san da maganar yaron?"

"Ta san cikin ya zube. Ba ta san a ina ba."

Umma ta laluba takalmanta da ƙafa ta zura.

"Layina ya wuce saboda ke. Yanzu sai wani satin, kuma nas ɗin nan mai bakin tsiya sai ta yi min wankin babban bargo." Ta miƙo hannu. "Kama ni. Gwiwar nan hawa take yarda da shi, sauka ne ba ta so."

Auta ta kama ta. Suka fara sauka, matakala ɗaya, a huta, matakala ɗaya. Mutanen benci na ƙasa duk sun ɗago suna kallonsu, har da wata maƙwabciyar su Umma da ta saki baki.

"Yaushe ta ce ki dawo?"

"Laraba."

"Ni ma Laraba ce." Umma ta tsaya ta maida numfashi, ta harari maƙwabciyar har sai da ta sauke kai. "Kada ki ɗauka wani abu. Ban ce na yarda ba."

"Na sani, Umma."

"To riƙe ni da kyau, kada ki yar da ni a gaban mutane."

Ta sakar mata nauyinta gaba ɗaya.